Ƙibar Yaro Ba Ita Ce Shaidar Lafiya Ba

Yau ina so ne mu tattauna a kan wata magana wadda na san wasunku za su ce na rasa abin faɗa, watau maganar ƙibar yara. Wata za ta ce, "Haba Malama, ke da kike zaune a Augie, inda tamowa ke cin yara, me ya kai ki zancen ƙiba? Ai sai wanda ya ƙoshi ne ke tunanin teɓa." To, 'yar'uwa, ki yi mini haƙuri ki karanta har ƙarshe, sa'an nan ki yanke mini hukunci.

Abin da ya tayar mini da wannan magana shi ne wani bikin suna da na halarta a Birnin Kebbi kwanakin baya, a gidan wata yayata, ɗiyar wan mahaifinmu, wadda mijinta babban ma'aikaci ne. Tana da wani yaro ɗan shekara 10. Da ya shigo gaishe mu sai ɗaki ya kaure da yabo. Wannan ta ce tubarkalla, waccan ta ce ka ga ɗan gidan hutu, wata tsohuwa kuma ta ja kumatunsa ta ce wanga yaro ya amsa sunan ɗan manya. Uwar sai murmushi take yi. Ni kuwa da yake aikina kallon yara ne tun daga safe har azahar, wani abu dabam na gani. Daga ƙofar gida zuwa ɗakin da muke ba wata tafiya ba ce, amma yaron nan haki yake yi. Da ya durƙusa ya gaishe mu, sai da ya dafa ƙasa da hannu biyu kana ya iya miƙewa. Bayan wuyansa ya yi baƙi kamar an shafa gawayi, uwar ta ce mini ta dirje wurin da soso da sabulu har ta gaji, amma dauɗar ta ƙi fita. A hannunsa kuwa akwai kwalbar lemo, ita ce ta biyu da na ga ya sha, ga shi ko azahar ba a kira ba.

Kashegari na koma aji. Ina da wata ɗaliba, ita ma shekararta 10, ɗiyar wani masunci ce daga wani ƙauye na bakin fadama. In kika gan ta sai ki rantse ba ta wuce shekara 7 ba. Koko take sha ta taho, wata rana ma ba ta sa komai a baki ba, kafin ƙarfe 11 ta fara gyangyaɗi. Kuma ba daƙiƙiya ba ce, in ta samu abin da ta ci, lissafin da take yi sai ya ba ki mamaki. Na tsaya ina kallonta ina tuna ɗan yayata, sai na ga ashe ciwonsu ɗaya ne, domin dukansu biyu ba a ba jikinsu abin da yake bukata ba. Kuma kada wata ta ce laifin iyaye mata ne, kowace uwa tana son ɗanta. Abin da ya raba su shi ne aljihun maigida da kuma wurin da Allah ya sa aka haife su.

Bari in fara da gaskiyar da babu mai musunta. Babbar matsalarmu a nan ƙasar Kabi yunwa ce. A babban binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a shekarar 2018, an gano cewa a cikin kowane yara 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijeriya, 37 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Jihar Kebbi kuwa 66 ne cikin 100, babu jihar da ta kai mu a lokacin. Yara biyu cikin uku ke nan. Binciken ya kuma nuna cewa tsumburewa a gidajen talakawa ta ninka ta gidajen masu hali sau uku. Ƙananan yaran da nauyinsu ya wuce kima kuwa 2 ne kacal cikin 100 a ƙasar baki ɗaya. Wannan abu yana faruwa ne a jihar da muke alfahari da shinkafa da kifi, jihar da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi a 2015 ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi, jihar da aka buɗe katafaren kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, jihar da tun 1934 ake zuwa kallon bikin kamun kifi a Matan Fada. Abin da ban kunya, amma haka yake.

To, in haka ne, me ya sa nake maganar ƙiba? Dalili shi ne, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. A watan Satumba na 2025 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, ya fitar da wani rahoto inda ya ce a karo na farko a tarihi, yawan yara 'yan shekara 5 zuwa 19 masu muguwar ƙiba a duniya ya wuce yawan ramammu. Yara miliyan 188 ke nan, kusan ɗaya cikin goma. A shekarar 2000 kuwa 3 ne kawai cikin 100. Yankuna biyu ne kurum wannan juyi bai riga ya auku ba, watau ƙasashenmu na Afirka kudu da Sahara da kuma kudancin Asiya. Ku lura, abin da ya ninka sau uku cikin shekara 25, ba abu ba ne da za mu ce yana can nesa, mu yi kwanciyarmu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai da na fara karanta wannan al'amari shi ne waɗanda ƙibar take kamawa. Mu a nan mun saba da cewa ɗan lukuti ɗan masu kuɗi ne, ɗan tsamurmuri kuwa ɗan talaka. A Ingila abin akasin haka ne. A can, kowace shekara gwamnati tana auna tsawo da nauyin yaran firamare sa'ad da suka shiga da kuma sa'ad da za su fita, kuma shekara da shekaru sakamakon ba ya canzawa, muguwar ƙiba a unguwannin talakawa ta ninka ta unguwannin masu hali sau biyu ko ma fiye. A can ɗan attajiri shi ne siriri, ɗan leburan shi ne mai teɓa. Haka abin yake a Amurka da sauran ƙasashe masu arziki da dama. Masana sun lura cewa a ƙasa matalauciya ƙiba takan fara ne daga gidajen manya a birni, amma da zarar kayan kanti masu zaƙi da maiƙo sun yi araha sun shiga ko'ina, sai masu kuɗi su farga su janye, a bar talaka da ita.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne, duk macen da ta taɓa riƙe kuɗin cefane ta san shi. Abin da ke cika ciki ya fi abin da ke gina jiki araha. Ki ba yaro kuɗin tara ƙalilan, ki ga me za su saya masa. Ba za su sayi ƙwai ba, ba za su sayi kifi ba, ba za su sayi ƙwaryar nono ba. Amma za su sayi biskit, da alewa, da wannan ruwan kala mai sukari da ake ƙullawa a leda. Lokacin da nake 'yar firamare, abin da muke samu a bakin makaranta shi ne ƙosai, da ɗanwake, da rogo da ƙuli, da kwaɗon zogale, da gyaɗa, da aya, da goriba, da magarya in lokacinta ya yi. Yau ki tsaya a ƙofar kowace makaranta, daga Augie har Argungu, ki ƙirga farantan da ke ɗauke da waɗannan, sa'an nan ki ƙirga teburan kayan leda. Kayan leda ba sa lalacewa, ba sa bukatar itace ko niƙa, kuma yara suna rububinsu, saboda haka ban ga laifin mai talla ba, ita ma abinci take nema.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, abin ya ƙara tsanani. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara, bisa lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Abin da ke fara fita daga tukunyar talaka a irin wannan hali shi ne nama, sai kifi, sai wake, sai man shanu, a bar tsaba zalla. Mahaifin ɗalibar nan tawa kifi yake kamawa, amma kifin ba na gida ba ne, na kasuwa ne, domin in ya sayar da tarwaɗa guda zai auno abin da gida duka za su ci. Sai ki tarar da ɗumamen tuwo da safe, da rana shinkafa da mai da yaji, da dare tuwo da miyar kuka wadda ba ta ga ko kan kifi ba. Gero da dawa ma, waɗanda suka fi farar shinkafa ƙarfen da ke ƙara jini da kuma dusar da ke gyara ciki, mun fara raina su, muna ganin abincin ƙauye ne, taliyar leda ita ce ta wayayyu.

A nan ne nake so ku ba ni hankalinku sosai, domin nan ne yunwa da ƙiba suka haɗu. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a lokacin sanyin 1944 zuwa 1945, sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar Holan, aka yi muguwar yunwa ta 'yan watanni. Bayan shekara 30, a 1976, wasu masu bincike suka duba takardun awon samari kimanin 300,000 waɗanda aka auna su suna da shekara 19 domin shiga soja. Sai suka tarar cewa waɗanda yunwar ta samu iyayensu mata a farkon watannin cikinsu, sun fi sauran yin muguwar ƙiba. Daga baya, a shekarun 1980, wani likita Bature mai suna David Barker, na Jami'ar Southampton a Ingila, ya bi tsofaffin littattafan awon jarirai, ya nuna cewa waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi kamuwa da ciwon zuciya in sun manyanta, bincike na gaba kuma ya ƙara da hawan jini da ciwon sukari. Bayanin da masana suka bayar shi ne, jikin da ya sha yunwa tun yana ciki ko yana goye, yakan koyi tattali, kamar macen da ta taɓa ganin fari, wadda ko ƙanzo ba ta yarda a zubar. Duk abin da ya samu sai ya adana shi ya zama kitse. In irin wannan jiki ya girma ya tarar da sukari da mai da fulawa sun yi araha, to an gamu.

Yanzu ku koma ku dubi lissafin nan na 66 cikin 100. Yaran da aka auna a 2018 su ne ke makarantunmu yau. Nan da shekara 10 ko 15 wasunsu za su kasance a Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Legas suna neman abinci, suna karyawa da burodi da shayi mai sukari, suna kora taliya da lemo. Watau ɗalibar nan tawa da nake tausayi yau saboda rama, tana iya zama ita ce gobe za ta yi fama da teɓa da ciwon sukari. Ma alamar abin ta fara bayyana. Binciken nan na 2018 ya nuna mata 28 cikin 100, 'yan shekara 15 zuwa 49, nauyinsu ya wuce kima a Nijeriya. Kuma wace ce a cikinmu ba ta taɓa ganin gidan da uwa ta yi jiki har tana nishi, ga ɗanta a goye ƙashi da fata ba? Mukan zage ta mu ce tana cinye abincin yaro. Sau da yawa ba haka ba ne, tukunya ɗaya suke ci, tsabar da ta kumbura uwar ita ce ta kasa gina ɗan.

Bambancin bai tsaya nan ba. In ciwon sukari ya kama ɗan yayata, Allah ya kiyaye, akwai mota a gida, ga Asibitin Sir Yahaya nan kusa, in abin ya fi ƙarfinsu su wuce asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Za a sayi abin awon sukari, za a sayi allura a sa a firji. In kuwa ya kama ɗiyar masunci a ƙauyen da babu wutar lantarki, wa zai auna ta ma balle a san sunan ciwon? Sai dai a ga tana yawan fitsari da ƙishirwa, a ce sanyi ne ko sammu, a yi ta jiƙe-jiƙe har ƙafa ta ruɓe ko ido ya tafi. Ciwon sukari ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a warke, ciwo ne na har abada, kuma yana cin kuɗi kowane wata.

Baƙin nan kuwa na bayan wuyan yaron, ba dauɗa ba ce, ko da me za a dirje shi ba zai fita ba. Likitoci sun san shi, sau da yawa alama ce ta cewa jiki ya fara gajiya da sarrafa sukari. Duk wadda ta ga irinsa a wuya ko hammatar ɗanta mai jiki, ta ajiye soso ta nufi asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an fi so sukarin da mutum zai sha a yini kada ya wuce misalin ƙaramin cokali shida, na yaro ma bai kamata ya kai haka ba. Ƙaramar kwalbar lemo guda ɗaya tana iya ɗauke da cokali takwas zuwa tara. Wace uwa ce za ta zauna ta ɗebi sukari cokali tara ta ɗura wa ɗanta? Amma in yana cikin kwalba sai mu ba shi biyu, mu ce gata muka yi masa.

Akwai kuma wani abu da ba zan yi shiru a kansa ba, ko da za a ji haushina, kuma da ku nake 'yan mata 'yan makaranta. Saboda mun ɗauki ƙiba a matsayin kyau da hutu, sai ga shi ana sayen ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, yarinya ta sha don ta yi ƙugu da kumatu kafin biki, har da iyayen da ke saya wa amarya da hannunsu don kada dangin miji su ce ba ta samu gyara ba. Wasu ma jarirai suke ɗura wa maganin sa cin abinci ba tare da likita ya rubuta ba. Da yawa daga cikin ƙwayoyin nan magunguna ne masu ƙarfi waɗanda aka yi don asma da wasu cututtuka, kumburin da suke sawa kuwa illarsu ce, ba amfaninsu ba. Suna tara ruwa a jiki, su kumbura fuska, su ta da sukari da jini, su raunana ƙashi, su kuma karya garkuwar jiki. 'Yata, jikin da Allah ya ba ki ya ishe ki. Namijin da ba zai aure ki ba sai kin kumbura, ki bar shi ya je ya nemi kabewa.

Sai maganar motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla sa'a guda ta wasa mai sa gumi kowace rana. Ɗan ƙauye wannan bai dame shi ba, tsakanin kiwo da ɗiban ruwa da korar tsuntsaye a fadama har ya yi yawa, shi abincin da zai mayar da abin da ya ƙona ne babu. Ɗan birni kuwa mota ta kai shi makaranta, mota ta ɗauko shi, a kulle shi cikin katanga da waya a hannu, domin iyaye suna tsoron halin da ƙasa ke ciki, kuma tsoronsu yana da dalili. 'Ya mace ta fi shiga uku, domin da ta kai shekara 10 sai a ce ta girma, ba gudu ba tsalle. Ina gaɗa, ina 'yar gala-gala, ina langa da ɓoyo da muka yi a dandali? Mu malamai ma muna da namu laifin, in lokaci ya ƙure, darasin wasanni shi ne na farko da ake yankewa.

To me za mu yi? Ba zan zo in ce wa matar da ba ta san abin da za ta ɗora da dare ba ta sayi tufa da madarar gwangwani, wannan rainin hankali ne. Amma akwai abin da ke hannunmu. Nonon uwa zalla wata shida, ba ruwa ba jiƙo, sa'an nan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu kamar yadda addini ma ya kwaɗaitar, wannan yana kare yaro daga tamowa, kuma bincike ya nuna yana rage haɗarin ƙiba daga baya. A 2018 jarirai 29 ne kawai cikin 100 suke samun nono zalla a ƙasar nan. Kunun yaye kuma kada ya zama gasara da sukari kurum. A soya gero ko dawa da waken suya da gyaɗa sama-sama, a niƙa tare, in da hali a daka ɗan busasshen kifi a zuba. Zogale da rama da yakuwa ba sa bukatar gona, bayan ɗaki ya ishe su. A kuma daina cewa in yaro ya ci ƙwai zai yi sata, ban taɓa ganin ɓarawon da ƙwai ya lalata ba. Maigida kuma, in kana leƙen wannan fili namu, na san kuna leƙawa, tsokar da ake tsame maka daga miya, mai ciki da ɗan yaye sun fi ka bukatarta.

Ke kuma uwargida mai hali, kada ki ɗauki wannan magana ki je ki hana yaro abinci ko ki riƙa yi masa gori a gaban 'yan'uwansa. Yaro mai ƙiba yana shan isasshen tsokana a makaranta, ina gani da idona yadda wasunsu ke ƙin fita filin wasa don kada a yi musu dariya. Kuma kada ki saya masa shayin rage ƙiba. Gidan gaba ɗaya ne zai canza, a mayar da lemo abin biki da salla, a dawo da ruwa da fura marar sukari, a rage suya, a ci abinci tare a kan tabarma ba a gaban talabijin ba. Ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da mu raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Ki tuna kuma ana kallonki. Abin da matar babban ma'aikaci ta sa a jakar ɗanta, shi matar masinja za ta yi ƙoƙarin saya ko da bashi, daga nan kuma ya gangaro mana ƙauye.

Amma zan yi ƙarya in na ce uwa ita kaɗai za ta iya. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta ce 'yan Nijeriya miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki dabam-dabam, a Jihar Kebbi kuwa fiye da mutum 80 ne cikin 100. Wa'azi ba ya sayen wake. Ƙasar Meziko ta sa haraji a kan lemon kwalba tun 2014, Ingila ta bi a 2018 har kamfanoni suka rage sukarin da suke zubawa, ƙasar Chile kuma tun 2016 ta tilasta a manna baƙin tambari na gargaɗi a jikin duk abincin da sukari ko gishiri ko mai ya yi masa yawa. Mu ma a 2022 an fara karɓar harajin Naira 10 a kan kowace lita, amma a ganina kuɗin da ko alewa ba za su saya ba, ba za su hana kowa shan lemo ba. In za a karɓa, a karɓa da gaske, kuma a nuna mana kuɗin sun koma tukunyar yara. Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 an dakatar da shi a watan Janairu na 2024. Ina kira ga gwamnatin jiha da ƙaramar hukumarmu ta Augie, abinci ɗaya mai kyau a makaranta kowace rana, da wake da kifi da ganyen da za a saya daga hannun matanmu na nan, zai yi wa yaran nan abin da allo da alli ba za su yi ba. Ƙungiyoyin iyaye da malamai kuma su zauna da masu talla a ƙofar makaranta, ba don a kore su ba, a'a, don a yi yarjejeniya a kan abin da za a riƙa sayar wa yara.

Kafin in baro Birnin Kebbi ran nan, na ja yayata gefe na ce, "Yaya, don Allah ki kai yaron nan a auna shi, baƙin wuyan nan ba na wanka ba ne." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wato ke ma bakinki zai kama mini ɗa? Ku malaman makaranta komai sai kun mai da shi darasi." Ko sallama ta kirki ba mu yi ba, kuma har yau ba ta kira ni ba. Amma makon jiya Inna ta dawo daga can, ta ce mini an kai yaron asibiti, likita ya ba su ranar komawa, kuma kiret ɗin lemon nan da ke bayan ƙofar ɗakin girki ba ta gan shi ba.